Taliyar Juma'a a Jirgin Tama

Jirgin Orrin Maddock,
Tafkin Huron,
6 ga Mayu, 1986

Zuwa ga Inna Signe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar nan taki? Yaya sauran sanyi a Two Harbors? Ni dai lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da na kwaso a Toledo, shi ma ya kusa sakina.

Na san za ki juya ambulan ki ce wace ce kuma Marlys Kivela. Ni ce dai, 'yar Ardis, jikar yayar mahaifiyarki. Rabona da ke shekara huɗu ke nan, tun ranar da muka binne Mama. Laifina ne, ba zan nemi hanzari ba.

Albishirinki: bana an ba ni muƙamin babban kuku. Shekara huɗu ina feraye dankali a ƙarƙashin wani, yanzu kicin ɗin jirgin nan nawa ne, da maza ashirin da takwas masu cin abinci kamar an yi musu gorin yunwa. Muna ɗaukar tama daga tashoshin arewa mu sauke a na kudu, mu juyo. Aikin bai fi ƙarfina ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani dattijo a nan, Clem Pelkey, shi ke riƙe da sitiyarin jirgi. Shekararsa talatin da ɗaya a kan ruwa, saura biyu ya kai fansho. Likitan kamfani ya auna shi kafin mu taso, ya ce jininsa ya hau ƙwarai. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ba shi zuwa ƙarshen Yuni. In bai sauka ba, sauke shi za a yi daga jirgi. Mutumin nan ba mata, ba 'ya'ya, ba shi da gidan da ya wuce ɗakin sitiyarin nan.

Kyaftin Dombeck ya kira ni gefe ya ce, "Marlys, ki rage gishiri da maiƙo, amma kada ki kuskura ki ware wa Clem kwano. Ranar da ya gane ana lallaɓa shi, a tafki zai juye."

To, sauran kwanakin mako na iya da su. Na rage gishiri sannu a hankali, ba wanda ya farga. Juma'a ce matsalar. Rabinsu 'yan Katolika ne, ba sa cin nama ranar, kuma tun kafin a haife ni jirgin nan taliya da kifin tuna yake ci ranar Juma'a, irin wadda ake gasawa a tanda. Kin san ta: gwangwani goma sha biyu na farar miya, cuku tuli, a murmushe soyayyen dankalin leda a sama. Clem sau uku yake ƙari, har ya kankare gefen tire.

Shekara ashirin da shida kina dafa wa 'yan makaranta, kuma duk danginmu babu mai hannunki a wannan girkin. Ki koya mini yadda zan yi shi ba da miyar gwangwani ba, ya kuma ci sunansa. Ba zan naɗe hannu ina kallo ba, don ke ma kin san abin da irin wannan girkin ya yi wa Mama.

Ki rubuta sunan jirgi a ambulan ki aika Detroit, kwale-kwalen wasiƙu zai miƙo mana in mun zo wucewa.

'Yarki,
Marlys

*

Jirgin Orrin Maddock,
24 ga Mayu, 1986

Inna Signe,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Mura ya tafi. Sau biyu muna wuce Detroit, ina tsaye a bakin jirgi ana jawo bokitin wasiƙu, babu tawa. Na ce wataƙila adireshin ne, don haka na sake rubuta shi a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Ban zauna jira ba, na gwada da kaina. Juma'ar farko na cire miyar gwangwani na zuba madara zalla. Inna, da na fito da tiren, taliyar iyo take yi. Wani mai aikin inji ya ɗaga cokali ruwa na zuba, ya ce, "Kuku, a nan kifin ya nitse ne, ko mu jira ya taso?" Wani ya ce a kawo masa rigar ceto kafin ya zauna. Teburi ya kwashe da dariya.

Jiya na sake. Na ce tunda ruwa ya yi yawa, bari in rage. Sai ta fito a bushe, ana yanka ta kamar bulo. Clem ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya tauna, ya ajiye cokali. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, don Allah wani laifi na yi miki ne?" Daga nan ya tashi ya shiga kicin ɗina, a gabana, ya soya ƙwai huɗu a man shanu, ya barbaɗa gishiri kamar mai yayyafa wa titi don ƙanƙara ta narke.

Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ce mutane sun fara ƙorafi, kuma jirgin da ba a jin daɗin abincinsa ba ya riƙe ma'aikata, ba ya riƙe kuku. Na ce masa, "Na ji, Kyaftin. Ba ni zuwa ƙarshen Yuni, kamar Clem." Ya ce ya ba ni.

Ban karaya ba ko kaɗan. Na san girkin nan zai yiwu, abu ɗaya ne na kasa ganowa, kuma na tabbata yana cikin kanki. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Marlys

*

Two Harbors, Minnesota,
14 ga Mayu, 1986

Marlys,

Takardarki ta iso. Ina lafiya daidai gwargwado, ƙafa tana nan yadda kika san ta. Na taya ki murnar ƙarin girma.

Shekara huɗu ba takarda, ba waya, ko katin Kirsimeti. Da kika tashi rubutowa, sai ki ce mini na san abin da girkina ya yi wa uwarki. Sau biyar na karanta layin nan, har na canja tabarau ko idona ne.

I, na sani. Ni ce nake kawo mata tire duk Juma'a, shekara biyu cur bayan ciwon zuciyarta na farko, a motata, ko ƙanƙara na zuba. Duk garin nan sun sani. Ashe abin da ke ranki ke nan ranar jana'iza, da kika karɓi tiren daga hannuna kika ajiye a ƙarshen teburi ba ki ce uffan ba. Da kin faɗa mini a lokacin, da ya fi mini sauƙi.

Ardis tare muka tashi, gado ɗaya muke kwana a gonar kakanmu duk lokacin hutu. Ba sai wani ya tuna mini da ita ba.

Game da abin da kika nema: tun watan Maris ban ƙara buɗe gwangwanin miya a gidan nan ba, kuma ba zan ƙara ba har in mutu. Ki nemi littafin girki, suna nan da yawa.

Allah ya ba mutumin naku lafiya.

Signe Rustad

*

Jirgin Orrin Maddock,
Tafkin Superior,
3 ga Yuni, 1986

Innata,

Ina gaishe ki, kuma ina lafiya, sai dai tun jiya raina ba daɗi. Takardarki ta ranar sha huɗu sai jiya ta same ni. Ta rasa mu a Detroit, ta bi mu Cleveland, ta sake rasa mu. Kwana goma sha tara kina zaune da wannan maganar a ranki, ni kuwa ina can ina ba ki labarin taliya mai iyo.

Ki saurare ni da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Ban taɓa ɗora miki mutuwar Mama ba, ko a mafarki. Da na rubuta "irin wannan girkin", kaina nake nufi. Ke Juma'a kaɗai kike kawowa. Sauran kwana shida wa ke dafa mata? Ni ce. Ina dawowa daga aiki a gajiye in buɗe gwangwani in juye a tukunya, yau miyar tumatir, gobe naman gwangwani. Takardar da likita ya ba mu tana manne a jikin firij har ta yi ja, ban taɓa karanta ta har ƙarshe ba. Shekarata ashirin da takwas lokacin, ba yarinya ba ce ni.

Tiren ranar jana'iza kuwa, na kai shi ƙarshen teburi ne don kada a taɓa. Da kowa ya watse na tafi da shi gida, na ci shi ni kaɗai cikin kwana uku. Ban iya magana ba ranar, shi ya sa ban ce miki komai ba. Tiren yana nan a ɗakina a garin Superior, da sunanki a rubuce a ƙasansa. Kunyar mayar da shi ce ta zama kunyar zuwa, ta zama shekara huɗu.

Kuma ki sani, duk mako Mama Juma'a take jira. Tun ranar Laraba take cewa, "Jibi Signe za ta zo." Tana gyara gashi saboda ke.

Na karanta inda kika ce ba za ki ƙara buɗe gwangwani ba har ki mutu. In fushina ne ya sa ki rantsuwa, ki janye. Amma kin ce tun Maris, ni kuwa a Mayu na rubuto. Me ya faru a watan Maris, Inna?

Ko kin aiko da girkin ko ba ki aiko ba, zan ci gaba da rubuto miki. Saura Juma'a huɗu, kuma ina nan a kan bakana.

'Yarki,
Marlys

*

Two Harbors,
10 ga Yuni, 1986

'Yata Marlys,

Takardunki biyu suna gabana. Ta taliya mai iyo ta sa ni dariya alhali ina fushi da ke, abin ya ƙara ba ni haushi. Ta biyun kuma ba dariya ta sa ni ba. Mu bar shi haka.

Kin tambayi Maris. An tsaga ƙirjina a asibiti a Duluth, an gyara jijiyoyi uku. Ban gaya wa kowa a dangi ba, fasto kaɗai da maƙwabciyata. Yanzu ina zagaya unguwa sau biyu kowace safiya, likita ya ce na fi shi lafiya. Kada ki rubuto mini kuka.

Abin da ya sa layinki ya soke ni shi ne, na san an hana Ardis gishiri. Na sani sarai. Amma ba ta cin komai sai wannan, ni kuma ina son in ga ta cinye kwano. Ban taɓa zama na ce mata, "Ardis, zo mu nemi wata hanya" ba. Ke ba ki zarge ni ba, ni na daɗe ina yi.

To, ɗauki fensir. Wata uku ina gwada wannan a kaina, don ni ma ba zan rayu ba taliyar Juma'a ba. Na mutum shida ne, ki ninka sau biyar.

Kuskurenki, kin cire miyar gwangwani ba ki sa komai a gurbinta ba. Miyar nan ba wani abu ba ce, fulawa ce da mai da gishiri. Ki yi taki. Mai cokali biyu a tukunya, albasa babba, ganyen seleri, da lemar kwaɗi irin ta ci, da yawa. Ki bar su su soyu har su yi ja. Kada ki yi gaggawa a nan, duk ɗanɗanon da gishiri yake bayarwa daga nan za ki samo shi. Sai fulawa cokali huɗu, ki juya minti ɗaya. Sai madarar da aka yaɗe wa mai kofi biyu, da romon ƙashin kaza kofi ɗaya, wanda kika dafa da kanki ba gishiri. Kaɗan-kaɗan za ki zuba kina juyawa, har ta kama bayan cokali.

Kifi na cikin ruwa za ki saya, ba na cikin mai ba, ki tsane shi sosai. Koren wake ki ninka abin da kika saba. Taliya ki tsame ta saura minti biyu ta nuna, za ta ƙarasa a tanda. Masoro da yawa, da ruwan rabin lemun tsami a ƙarshe. A sama, garin busasshen burodi da aka murza da cokalin mai, da cuku mai ƙarfi tafin hannu ɗaya. A sama kaɗai, inda harshe zai fara taɓawa. Minti ashirin da biyar. In kin fito da ita ki bar ta ta huta minti goma, ko da suna buga cokula a teburi.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi girkin. Ki gaya wa mutumin nan gaskiya. Kyaftin ɗinku jirgi ya iya tuƙawa, bai san wannan ba. Taliya ba magani ba ce. In Clem bai sa hannunsa a ciki ba, zai ci taki ya koma ya soya ƙwai. Ki zaunar da shi ki faɗa masa a fuska, ki kuma tambaye shi ko yana shan ƙwayoyinsa. Na ci amanar hankalina in yana sha.

Innarki,
Signe

*

Jirgin Orrin Maddock,
1 ga Yuli, 1986

Innata,

Gaisuwa da fatan ƙirji yana ƙara sauƙi. Ba kuka na rubuto ba, amma maganar ɓoye mini asibiti tana nan, sai mun haɗu.

Takardarki ta same ni ranar sha bakwai. Washegari da hantsi na sami Clem yana shan kofi shi kaɗai, na ja kujera na zauna. Na ce, "Baba Clem, wata biyu ke nan ina rage maka gishiri."

Ya ce, "Kin ɗauka harshena ya mutu ne? Tun makon farko na sani."

Na ce, "To ƙwayoyin fa?"

Ya ture kofinsa gefe. Can ya ce suna sa shi yawan fitsari, kuma mai riƙe da sitiyari ba ya barin sitiyari. Inna, kwalbar a cike take. Na ce masa yana da zaɓi: ko ya roƙi a riƙe masa na minti biyu, ko ya bar shi gaba ɗaya ranar talatin ga wata. Na ba shi labarin Mama, da takardar jikin firij. Ya ce, "Ke dai kin cika baki, 'yar nan." Amma a gabana ya haɗiyi ta farko. Tun ranar yake zagaya jirgi sau shida bayan abincin rana, sauran suna yi masa kirarin ɗan tsere.

Juma'a na yi yadda kika ce, ban tsallake komai ba. Da ƙamshin albasa ya tashi, mai aikin injin nan ya leƙo ya ce, "Yau ma da rigar ceto za mu zo?" Na ce ya zo da babban kwano. Na bar ta ta huta minti goma suna ta surutu. Da aka fara ci, sai ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai cokula. Tire biyar, ko ƙanzo bai rage ba. Clem ya ƙara sau ɗaya, ya miƙo kwano na uku, na dube shi, ya janye da kansa. Kyaftin ya ce, "Wannan ita ce ta da?" Na ce a'a. Ya ce, "To a bar ta haka."

Jiya aka auna Clem a Toledo. Jinin bai koma daidai ba, amma ya sauka sosai. Likita ya sa masa hannu na wata shida, a sake dubawa a Disamba. Ya dawo jirgi, ya shigo kicin ya ɗauki wuƙa ya hau yanka mini albasa, yana cewa ita ce ke sa shi hawaye.

Ga babban labari. Ranar Juma'a sha ɗaya ga wata a Two Harbors za mu yi lodi, awa shida muna tashar. Kyaftin ya ce in gayyato ki cin abincin rana. Tsanin hawa jirgin yana da tsawo, in likitanki ya hana, ni zan zo gida.

'Yarki,
Marlys

*

Two Harbors,
13 ga Yuli, 1986

'Yata,

Ina lafiya. Cinyoyina ne kawai ke ba ni labarin tsaninku, kuma ban yi nadama ba. Ki gaya wa Clem na ji shi sarai a bayana yana cewa, "A hankali, Inna," alhali shekara goma sha uku kaɗai na ba shi, kuma shi ne ke haki.

Taliyarki ta yi. Masoro ya ɗan yi kaɗan. Ban faɗa a teburi ba don kada in rage miki daraja a gaban mutanenki, kuma na ga yadda suke miƙewa su kai kwanonsu da kansu in kin ɗaga gira. Uwarki ba ta taɓa iya wannan ba.

Akwai abin da ban samu na gaya miki ba, don duk lokacin da na buɗe baki sai wani ya ƙara mini kofi. Tun da na fito daga asibiti ban zauna cin abinci da wani mahaluki ba. A tsaye nake ci, a bakin taga. Ranar Juma'a na zauna a tsakiyar ƙarti ashirin da takwas, kowa na kirana Inna, na cinye kwanona na nemi ƙari. Da jirginku ya tashi na tsaya a bakin tasha har kuka zama ɗigo, maƙwabciyata tana ta danna mini hon a mota.

Na tambayi Kyaftin ina kike zama in tafki ya daskare aka ɗaure jiragen. Ya ce wani ɗaki a saman shagon wanki a Superior, wata uku, ke kaɗai. Jiya na sa an zo an gyara tagar ɗakin sama, na fitar da keken ɗinki na kai ƙasa. Gadon yana da kyau, katifar sabuwa ce.

Ranar da kuka ɗaure jirgi a watan Janairu, ki hau motar safe ki taho. Ba shawara nake ba ki ba.

Innarki,
Signe